Ƙirjin da Kalla Ya Ara wa Wansa

Baba Kalla ba ya iya ƙarasa labarin nan a zaune. Yakan fara a hankali, amma kafin ya kai tsakiya sai ka ga ya miƙe yana nuna gabas da hauya, kamar mutanen da yake faɗa da su suna tsaye a bayan dutse suna jinsa. Sau uku na ji shi daga bakinsa. Wani ɓangaren kuma na ji daga Inna Sa'a, matar wansa Sha'ibu. Inda maganarsu ta saɓa, tata na bi, don ita ba ta ɗaga murya.

Ƙauyenmu yana kan dutse, tafiyar rabin yini ce a ƙasa daga Allakaye. A nan aka haifi Sha'ibu, bayan shekara biyar aka haifi Kalla, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu Maiguwa manomin gero ne da dawa, kamar kowa. Kalla ya yi shekara uku a lakol kafin a cire shi ya bi awaki, ya fito da ɗan karatun da zai iya gane suna a kan takarda. Sha'ibu bai taɓa taka ƙofar lakol ba, bai kuma yi baƙin ciki ba.

Kalla yana saurayi aka yi babbar yunwa. A lokacin ne aka kawo aikin jera duwatsu a gangare don tare ruwa: kowa ya kwaso dutse a ka tun safe, in rana ta yi sanyi a kira suna, a ba mutum awon hatsi da ɗan mai. Uwarsu Zuhura tana cikin masu aikin, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Kalla ya kwashi nasa dutsen ya kwashi nata. Da aka zo kiran suna aka ce, “Zuhura Maiguwa,” sai ya ce, “Ga ni.” Ya ce ya tsaya yana jiran a kama shi, namiji da gashin baki ya amsa sunan mace. Mai kiran sunan bai ɗago kai ba. Ya ja layi a littafinsa, aka zuba hatsi a zanen da Kalla ya shimfiɗa. Haka aka yi kwana ashirin har ta tashi.

“Tun ranar na san yadda biro take,” in ji shi, yana nufin ofishin hukuma. “Biro ba ta da ido. Suna take so, da takarda, da tampo, hatimin nan da ake bugawa. Ka kawo mata su, ta buɗe maka ƙofa.”

Ya yi rani bakwai yana zuwa Abijan, yana tallar takalma a ka, ya dawo da Faransancin titi da rashin tsoron mai farar riga. Tun daga nan ya zama ƙafar ƙauye. In an haifi yaro, shi ake aika meri, ofishin magajin gari, a Buza ya karɓo takardar haihuwa. In za a raba iri ko taki, shi ke tafiya da kartidante, wato katin shaida, na mutum goma a jakar fatarsa. Ya san wace taga ake bi a Madawa, ya san wane sakatare ne ba a yi wa magana kafin ya sha shayi. Amma aikin da ya fi yi shi ne na likita. Tsohuwa ta kira shi ta faɗa masa inda ke mata ciwo, ya tafi gaban majo, wato shugaban ɗakin shan magani, ya kwatanta ciwon kamar a jikinsa yake. Na taɓa ganinsa yana ɗingisawa a gaban majo don ya nuna yadda gwiwar Inna Fatsima take riƙewa. Aka yi dariya, aka kuma ba shi maganin. Ba ya karɓar lada sai damin gero da kaka, ko zabuwa in wani ya ji daɗi. Shekara kusan arba'in, ba wanda ya ce Kalla ya ci masa ko allura.

Sha'ibu kuwa mutum ne na gona. Da damina yana kan dutse yana noma, da rani yana gangarawa fadamun Galma yana aikin albasa. Bai taɓa tsayawa a gaban taga ba. Duk takardar da ke ɗauke da sunansa, ƙanensa ne ya amsa ta.

Damina biyu da suka wuce, gero yana kai gwiwa, Sha'ibu ya fara tari. Busasshen tari ne, ba ya fitar da komai. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, gefen dama yana sukarsa kamar an soka masa tsinke, abinci ya daina shiga. Da ya kai ga ba ya iya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya dafa hauya ya huta, aka ɗora shi a amalanke aka kai shi likitar da muke zuwa. Majon wurin a lokacin mace ce, Fiddausiya, ba ta daɗe da zuwa ba amma mutane sun yarda da hannunta. Ta sa abin saurare a bayansa, ta ƙwanƙwasa hagu, ta ƙwanƙwasa dama, ta sake komawa.

“Baba, gefen nan ba ya magana,” ta ce. “Hagu ina jin iska na shiga. Dama shiru.”

Aka auna ɗan yawun da ya iya fitarwa, ba a ga komai ba. Sai ta rubuta takarda, ta ce a kai shi birni a ɗauki hoton ƙirjinsa, abin da suke kira radiyo. Ta ce kada a wuce sati, a dawo mata da hoton ta gani.

A gida aka zauna shawara. Korama ta cika, motar kasuwa ta daina hawowa, sai kabu-kabu, shi kuma Sha'ibu ko girgizar amalanke ta kusa kashe shi. Ga maimai ya zo, ciyawa tana cin gero. Ɗiyansa maza biyu suna ci-rani.

“Kalla,” in ji Sha'ibu, “tahi ka karɓo mini abin nan.”

“Yaya, cewa ta yi a kai ka.”

“Takardar haihuwar yarana, kai su ka yi? Kartidantena, ni na tahi? Mi ya bambanta wanga?”

Inna Sa'a tana tankaɗe a gefe. Tsakaninta da Kalla wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan, irin na mace da ƙanen miji. “Tahi mana, mijin ƙarya,” ta ce. “Mi ne amfaninka in ba yawo ba? Ka riƙo mini goro, kada ka cinye shi bisa hanya kamar na bara.”

“Goron da haƙoranki ba su iya fasawa, tsohuwa?”

Ya rantse mini cewa da niyyar tambaya ya tafi. Zai nuna takardar, ya ce mai ita ba ya iya tafiya, ya ji abin da za su ce. Na yarda da shi. Wurin da ya je wani gidan hoto ne a birni, ba zan faɗi sunansa ba. Ya miƙa takarda ta taga, aka ce ya zauna. Ya zauna tun hantsi har azahar a kan benci, cikin masu tari da masu karaya. Sai aka leƙo aka ce, “Sha'ibu Maiguwa.” Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya ce, “Ga ni.”

A cikin ɗakin akwai wani mai farar riga, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

“Mushe,” in ji Kalla da Faransancinsa na titi, “mai wagga takarda…”

“Cire riga.”

“Ina son in gaya maka…”

“Baba, ka ga mutanen da ke waje? Wuta kuma tana iya ɗaukewa yanzu. Cire riga, cire layu, manna ƙirji nan. Hannu bisa ƙugu. Ja numfashi. Riƙe.” Wani abu ya yi ƙara. “Shi ke nan. Jira waje.”

A nan ne Baba Kalla yakan miƙe tsaye in yana ba da labarin.

“Kada ka ɗauke ni wawa,” ya ce mini. “Na san hoto hoto ne. Na san ƙirjina ne na manna, ba na Sha'ibu ba. Amma mi na sani? Na ɗauka irin hoton kartidante ne, wanda ake liƙawa don takarda ta cika, ba mai ƙara duba shi. Majo ta riga ta ji ciwon da kunnenta, a gabana ta ce gefen dama shiru. Na ce to, wanga wani tampo ne kawai ake nema kafin a buɗe kabad a ba da magani mai ƙarhi. Shekara arba'in haka suka koya mini. Su suka koya mini. Ko sau ɗaya wani ya taɓa ɗago kai ya ce, kai ne mai sunan?”

Washegari ya kai hoton likita, a cikin babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Majo Fiddausiya ta zaro baƙar ledar ta ɗaga ta a hasken taga. Ta daɗe tana dubawa. Ta juya ta, ta sake ɗagawa.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ƙirji fes, kamar na ɗan shekara talatin.”

Kalla ya ce abin da ya fi ba shi haushi har yau shi ne daɗin da ya ji a lokacin. An yabi ƙirjinsa, ya ji daɗi, yana tsaye kamar sakarai, wansa yana can yana neman iska.

“To kunnena ne ya ruɗe ni ke nan,” ta ce, ba da ƙarfi ba. “Ina mai jikin?”

“Shina gida. Hanya tana wahal da shi.”

Ta rubuta siro, maganin tari na ruwa, da ƙwayoyi na kwana goma, ta ce sanyi ne ya kama shi, in bai ji sauƙi ba a dawo da shi.

A nan ya gane. Ya ga yadda ta dubi ledar, ya gane cewa wannan ba tampo ba ne, wannan shi ne idon da take nema. Bakinsa ya buɗe, sai ya tuna jakarsa. A ranar akwai karne uku a ciki, littattafan karɓar magani: na Inna Fatsima, na wani makaho, da na wata mai jego. In majo ta ji abin da ya yi, ba za ta ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya ta wani ba, labari kuma zai kai meri, ya kai duk tagar da ya sani. Ya ce a ransa, bari a gwada siron, wataƙila ya yi. Ya karɓi maganin mutum huɗu ya fito.

Siron bai yi ba. Kwana goma suka wuce, Sha'ibu ya daina kwanciya sai dai ya jingina da bango. Abin da Kalla bai hango ba shi ne abin da hoton zai faɗa wa ƙauye. Labari ya bazu cewa injin Nasara ya duba cikin Sha'ibu bai ga komai ba. To, ciwon da inji bai gani ba, ai ba na likita ba ne. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a gefen dama. Aka kawo rubutu ya sha. Wata tsohuwa daga Karofane ta ce iska ce ya taka a fadama, ta sa aka lulluɓe shi da bargo aka turara masa saiwoyi a kasko. Kalla yana tsaye a bakin ƙofa yana jin wansa yana shaƙewa a cikin hayaƙi, bai ce komai ba.

A kwanakin nan ba wanda ya tsira daga bakinsa. Ya zagi wanzami. Ya kori awakin maƙwabci da jifa. Ɗiyan Sha'ibu suna aiko da saƙon murya a waya, suna cewa a kula da Baba, a ba shi nama, sai ya karɓe wayar ya yi musu ihu a ciki: “Ku da kuke can kuna cin burodi, wa ya hana ku zuwa ku ɗauki ubanku?” Mutane suka ce tausayin ɗan'uwa ne ya taɓa shi.

Inna Sa'a ce ta kama shi. Tun ranar da ya dawo ta tambaye shi, “Wai ƙaƙa aka ɗauki hoton mutum shina kwance gida?” Ya ce mata, “Ke mi kika sani ga aikin biro?” Ta ajiye ambulan ɗin a cikin kwallarta. Wata safiya, bayan wata guda ya wuce, ta fito da ledar tsakar gida ta ɗaga ta a rana yadda ta ji an ce majo ta yi. Ba ta san huhu ba, ba ta san zuciya ba. Amma ta san ƙashi. Ta aika aka kira Kalla.

“Kalla,” ta ce. Ya ce tun da ya ji sunansa tsirara a bakinta ya san an gama. “Zo ka duba mini. Wanga ƙashi da ya tashi daga gindin wuya zuwa kahwaɗa, ka gan shi? Ga na hagu, ga na dama. Duka miƙe suke kamar kara.”

“To, sai mi?”

“Wanka ya faɗo daga gawo shina sarar wa tumaki ganye, shekarar da aka kawo ni. Kai ka riƙe shi maɗori ya ɗora. Wurin ya warke da ƙulli kamar ɗan goro. Duk damina ni ke shafa mishi man shanu a wurin. Ina ƙullin?”

Ya kawar da kai daga ledar.

“Ƙirjin wa ka kawo mini na ɓoye cikin kwallata?”

“Nawa ne.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta tara mutane ba. Ta ce, “Kana tsaye aka turara shi. Kana kallo.” Ya fara kawo zancen mai farar riga, da wayar da ke kunnensa, da yadda aka hana shi magana. Ta ce, “Wancan bai san Sha'ibu ba. Kai nono ɗaya kuka sha.” Ta miƙa masa ledar. “Yau za a tahi da shi. In ya mutu bisa hanya, a hannunka ya mutu. In ka bar shi nan ma a hannunka ne. Zaɓi wanda kake iya ɗauka.”

Maza huɗu suka ɗauke shi a kan ƙyauren ɗaki suka tsallaka korama, ruwa yana kai musu ƙugu. Daga can amalanke ta kai su likita. Ranar awon ciki ce, mata sun cika rumfa. Kalla ya so ya ja majo gefe, ta ce ya faɗa a nan, hannunta ba ya da sarari. Ya faɗa a nan, gaban kowa.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta je ta saurari bayan Sha'ibu, ba ta daɗe ba ta cire abin daga kunne.

“Kwana nawa yau?”

“Talatin da huɗu.”

“Kwana talatin da huɗu. Ka tsaya nan, ka kalle ni ina yabon ƙirjinka, ka karɓi siro ka tahi. Baba, da ba ka haife ni ba da na gaya maka magana. Ka sa na ƙaryata kunnena. Ni ma da laihina, na ji da kunnena na bar shi na bi leda. Amma daga yau, ko maganin ciwon kai ba ka karɓar wa kowa a ɗakin nan. Mai ciwo ya zo da jikinshi.”

Ta rubuta sabuwar takarda, ta buga waya har aka samu motar da za ta ɗauke su daga bakin kwalta.

A gidan hoton, mai farar rigar nan ne dai. Kalla ya shigo riƙe da wansa a kafaɗa.

“Ka gane ni?”

“A'a, Baba.”

“Ni ne Sha'ibu Maiguwa na watan jiya. Wanga kuma Sha'ibu Maiguwa na yau. Ka zaɓi wanda kake so.”

Sai da aka maimaita masa kafin ya fahimta. Ya ce, “Kai ka amsa sunan. Ni na ce ka amsa?”

“Na amsa. Sau biyu na buɗe baki ka rufe mini shi. Takarda ta ce mutum numfashinshi ya gaza, ka ga ƙato ya shigo da ƙafarshi kamar doki, ya ja iska ya riƙe ba ko tari. Ba ka tambayi kanka komai ba?”

“Aikina ɗaukar hoto. Wanda ya tsaya gaban inji shi nike ɗauka. Mutum nawa kake zato ke shigowa nan a yini? Kowa sai na bi shi gida na tambayi uwarshi?”

“Tambaya ɗaya. Kai ne mai tarin? Ita ke nan. Ba ta kai tsawon gaisuwar da kake yi cikin waya ba.”

Sha'ibu ne ya raba su. Ya ɗaga hannu, ya ce da sauran muryar da ta rage masa, “Ku bari… ku ɗauka… in zauna.” Ba ya iya tsayawa shi kaɗai, sai da aka tallafe shi. Da aka ce ya ja numfashi ya riƙe, bai iya ba. Sai a karo na uku hoton ya fito.

Ko wanda bai yi lakol ba zai gane wannan hoton. Gefen hagu baƙi ne, haƙarƙari suna jere. Gefen dama fari fat tun daga ƙasa har kusan wuya, kamar an cika ƙwarya da nono. A sama kuma ga ƙashin nan da ƙullinsa.

Aka kwantar da shi a babbar likita. Wani lokotoro matashi, Muntari, ya soka allura ta bayansa ya zuƙo ruwa mai launin fitsari har ya cika roba biyu. Ya ce tarin fuka ne, amma ba cikin huhu ya zauna ba, a rigar da ta lulluɓe huhun ya zauna, shi ya sa yawu bai nuna ba. Magani wata shida, kullum, ba fashi. Kalla ya bi shi har baranda.

“Lokotoro, gaya mini gaskiya. Da an kawo shi tun watan jiya fa?”

Muntari ya dube shi. Ya riga ya ji labarin, duk ɗakin sun ji. Bai yi masa ƙarya ba.

“Da ruwan bai yi kauri ba. Yanzu rigar huhun ta fara tauri kamar fatar da aka bari a rana. Zai rayu, in Allah ya so. Amma gefen nan ba zai ƙara buɗewa duka ba.”

“Noma fa?”

“Na zaune.”

Sha'ibu ya rayu. Ya sha maganinsa wata shida, Inna Sa'a tana tsaye a kansa har ya haɗiye. Ya yi ɗan ƙiba, zazzaɓi ya tafi. Daga gidansa zuwa masallaci bai kai jifa uku ba, amma sai ya tsaya a jikin rumbun maƙwabcinsa Manzo ya huta kafin ya ƙarasa. Fadamun Galma kuwa ya yi ban kwana da su.

Kalla yanzu gona biyu yake nomawa. Jakar fatar tana rataye, ba ta cika fita ba, don labarin ya kai inda ya ji tsoron zai kai. Inna Fatsima da gwiwarta sai an ɗora ta a jaki an kai ta likita, tana tafe tana tsine wa duwatsu. Akwai waɗanda suka same shi suka ce, “Mi ya sa ka faɗa gaban mutane? Da ka ce hoton ya ɓace, a sake wani. Ga shi ka rufe muna ƙofa.” Ya ce wannan maganar ta fi ta mai farar riga ƙona masa rai. Ya kori ɗaya daga cikinsu har bakin rijiya.

Da kowa yake fushi. Da gidan hoton, da hanyar da ba a taɓa gyarawa ba, da mai kiran sunan nan na shekarar yunwa wanda wataƙila ya daɗe da mutuwa. Har da Sha'ibu, don Sha'ibu ya ƙi yin fushi da shi. “Ni na aike ka,” abin da yake cewa ke nan duk lokacin da zancen ya taso. Kalla ya ce da wansa zai tashi ya kwaɗa masa mari gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi.

Inna Sa'a tana gaishe shi kullum. Tana tambayar gajiya, da iyali, da aiki, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Na taɓa tambayarta ko ta yafe masa. Ta ce, “Tun cikin mota na yafe mishi, ɗana. Wasan ne ba ya fitowa.”

Kakar bana ina cikin waɗanda suka je taya su girbi. Mun tara zangarniya, Kalla yana ɗaure damuna da sauri, yana faɗa da igiya kamar ta yi masa laifi. Sai ga Sha'ibu ya iso a hankali, ya durƙusa a gaban wani tari ya fara jerawa. Ya jera, ya zagaya igiya, ya sa gwiwa zai ja, numfashi ya ƙare masa. Kalla ya zo ya fizge igiyar.

“Wa ya ce ka fito? Kana son ka faɗi nan a ce kuma ni ne?”

“Ba ni igiyata.”

“Yaya, tahi inuwa.”

“Gonata ce. Bari in gama wanga ɗaya.”

Kalla ya sake masa. Bai koma aikinsa ba, ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu, haƙora a cije. Mu ma muka tsaya. Sau uku Sha'ibu yana hutawa, kansa a sunkuye, ana jin iskar tana shiga da ƙyar. A na huɗu ya ƙulle. Damin ya fito a karkace, gindinsa saku-saku, irin wanda Kalla ba ya bari ya shiga rumbu. Kalla ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗora shi a ka haka nan yadda yake, ya dafe shi da hannu biyu don kada ya warware, ya nufi gida.